Kufan Alƙalawa: Kaburburan Suna Nijeriya, Gadon Sarautar Yana Nijar

An kwana biyu ba a ji ni ba, hidimar yau da kullum ce ta sha kaina, kuma duk wanda ya san zaman Masaka ya san abin da nake nufi. Idan na buga waya gida Tsibiri 'yan uwa kan ce "ina mutanen Abuja?", ni kuwa in amsa da fara'a, ba na tsayawa yi musu bayanin cewa Masaka a ƙaramar hukumar Karu take, cikin jihar Nasarawa, Abuja aiki kawai muke zuwa yi mata. Mu fita tun assalatu, mu sha cunkoson Mararaba da Nyanya, mu dawo bayan isha'i a gajiye liƙis. Shekarata 14 ke nan a haka ina koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi, 'ya'yana uku duk a nan aka yanke musu cibiya.

A bakin titinmu akwai wani dattijon Bayarabe mai faci. Duk sa'ad da ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga bawana nan Bagobiri, zo ka hura mini taya!" Ni kuma in ce masa tun yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa. Bai taɓa tambayata asalina ba, domin fuskata ta riga ta gaya masa, shida a wannan kunci, bakwai a wancan. 'Ya'yana kuwa ba mai tsage ko ɗaya, zamani ya wuce da wannan. To ran nan muna cin tuwon dare sai babban nasu, wanda ke aji 2 a ƙaramar sakandare, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wai mu jikokin Yunfa ne?" Na ce me ya kawo wannan tambaya? Ashe labari biyu ya kwaso a mako guda. A aji an gaya musu Yunfa mugun sarki ne da ya nemi kashe Shehu Usmanu, Allah ya kunyata shi. A wayar ɗan maƙwabta kuma ya ga wani mutum a TikTok yana kumfar baki, wai baƙi ne suka zo suka rushe wa Hausawa birninsu na Alƙalawa, kuma lokacin ramuwa ya yi. Yaro yana so in gaya masa wanne ne gaskiya kafin tuwo ya huce.

Ban ba shi amsar kirki a daren ba. Abin da ya zo bakina shi ne, ina kyautata zaton daga malamin har mai kumfar bakin babu wanda ya taɓa taka Alƙalawa da ƙafarsa. Ni na taka, sau ɗaya, kuma tun daga ranar nake ɗauke da wani ra'ayi da nake so yau in sauke shi a gaban mai karatu.

Bari in fara da ruwa, domin in ba a gane gulbin ba, labarin ba zai zauna ba. Gulbin da ya ratsa ta gindin garinmu, wanda ake kira Gulbin Maraɗi, ba a Nijar ya taso ba. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya karkato ya sake komawa Nijeriya, ya zuba a Gulbin Rima a yankin Sabon Birni. Rima kuma ya gangara Goronyo da Wurno har Sakkwato. Sau biyu yake ƙetare iyaka, ba ɗan duwan ɗin da ya taɓa tambayarsa takarda. A can gaɓar Rima, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato, kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir na ƙarshe kafin jihadi.

Mu Gobirawa muna son ba da labarin Alƙalawa daga ranar da aka ci ta. Ni daga ranar da aka gina ta zan fara, ko da kuwa 'yan uwana za su ji ba daɗi. Kakanninmu daga Azbin suka gangaro, suka yi zama a Birnin Lalle da ke yankin Dakoro a yau, fari da matsin Abzinawa suka riƙa turo su kudu, har a ƙarni na 18 suka shigo fadamun Rima, waɗanda a lokacin ƙasar Zamfara ce. A matsayin baƙi suka zo. Sarkin Zamfara ya ba su masauki a gonakin alƙalinsa, daga nan ne ma sunan Alƙalawa ya samo asali. To masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Baƙi suka yi yawa, suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Ibrahim Babari ya kewaye masaukin da ganuwa, kuma a farkon shekarun 1760 ya auka wa Birnin Zamfara ya rushe shi, Sarki Maroƙi ya gudu Kiyawa. Yau Birnin Zamfara shi ma kufai ne a yankin Isa. Saboda haka duk Bagobirin da zai yi kukan an rushe masa birni, ya tuna akwai Bazamfaren da ya riga shi wannan kuka da kusan shekara 50, kuma mu ne muka sa shi.

A zamanin ɗan Babari, wato Bawa Jangwarzo, Alƙalawa ta kai ƙololuwarta. Sunan Bawa har yau makaɗa ba su daina ambatonsa ba, daga Agadas har Kumasi in aka ce wane jan gwarzo ne an san inda kalmar ta dosa. Amma abin da ya fi burge ni a tarihinsa ba yaƙi ba ne. A ƙarshen shekarun 1780, da babbar salla, Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa, wanda sarakunan ƙasar Hausa ke shakkarsa, ya amince da duka biyar. Jama'a ku duba wannan zama da kyau. Malami ya tsaya gaban sarki ya faɗi gaskiya bai nemi komai don kansa ba, sarki kuma ya saurara bai sa an kama shi ba. A ganina a duk tarihin ƙasar nan da wuya a sami zaman da ya kai wannan daraja, kuma na mutum biyu ne, in ka cire ɗaya ɗayan ba ya tsayuwa. Wannan ne ban ji an gaya wa ɗana a aji ba, ban kuma ji mai TikTok ya ambata ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na daɗe a kai ba. Bayan Bawa aka yi Yakuba, aka yi Nafata wanda ya hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, ya hana ɗaura rawani da lulluɓi, sannan ɗansa Yunfa. Aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana, jama'ar Shehu ta yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni Gobir ta sha kashi. Amma Alƙalawa ba ta faɗi da sauƙi ba. A ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa kusa da birnin, Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna, har littattafan Sakkwato da kansu suka ce mahaddata Alƙur'ani kusan 200 ne suka kwanta a wurin. Sai a watan Oktoban 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta shiga birnin, aka kashe Yunfa yana faɗa. Shekara guda bayan haka aka fara ginin Sakkwato, a gaɓar wannan gulbi dai, can ƙasa.

Daga nan ne rabuwar ta soma, kuma ina so mai karatu ya lura, tun kafin Bature ya zo ne. Gobirawan da suka tsira suka yi ta yawo da sarautarsu daga wannan sansani zuwa wancan, yau sulhu gobe tawaye, har 1836 da aka yi yaƙin Gawakuke, inda Bello ya kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda a rana ɗaya. Waɗanda suka rage suka bi Mayaƙi suka hau gulbi zuwa gabas, suka kafa Tsibiri kimanin kilomita 12 daga Maraɗi, inda Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka riga su zama. Can a shekarun 1860 kuma rikicin cikin gida ya tashi, Ɗan Halima ya ɓalle da mutanensa, ya daidaita da Sakkwato, ya dawo kusa da kufan kakanninsa ya gina Sabon Birni. Gida ɗaya ya zama biyu, ɗaya a saman gulbi yana cewa shi ne bai durƙusa ba, ɗaya a ƙasan gulbi yana cewa shi ne bai bar kaburbura ba. Har gobe in aka haɗu wajen biki ana taɓa wannan gori, cikin raha dai, amma ana taɓawa.

Turawa tsagar da suka tarar suka bi suka zuba mata siminti. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Baruwa. A 1898 suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato suka ce cikinta na Ingila ne. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu rijiyoyi, suka koma teburi, aka gyara a 1904 aka sake gyarawa a 1906. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku, guda 148 daga Kwara har Tafkin Chadi. Da ƙura ta lafa, Tsibiri ta tsinci kanta a hannun Faransa, Sabon Birni da Alƙalawa a hannun Ingila. Sarkin Gobir na Tsibiri ya ci gaba da zama da fadarsa da tamburansa da Innarsa, har a 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga kujerar zuwa darajar sultan. Na Sabon Birni kuwa hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Wani abin mamaki ma, Maratta inda aka haifi Shehu a 1754 tana cikin Nijar ne, a yankin Ƙonni. Wato kowace ƙasa tana riƙe da ajiyar 'yar uwarta. Mu da muka yi lakwal mun haddace sunan Bawa tare da su Sarauniya Mangu da Tanimun na Damagaram, ba mu taɓa ganin inda ya zauna ba. 'Yan uwanmu da suka yi boko suna noma a gindin ganuwarsa, a aji kuwa sunan Gobir ba ya fitowa sai a matsayin wadda aka ci da yaƙi.

A shekarar 2009, da kaka, na raka kawuna, Allah ya jiƙansa, ɗaurin aure Sabon Birni. Ta Gidan Runji muka bi, daga nan muka hau kabu-kabu muka ratsa ta cikin gonaki, ban ma san lokacin da muka bar Nijar ba sai da na ga ana ba mu canji da naira. Washegarin ɗaurin aure ya tashe ni da sassafe ya ce in zo in ga gida. Na ɗauka wani gidan dangi za mu gaisuwa. Muka yi tafiya a fadama, muka tsallake ruwa, har muka iso wani fili da ba abin da ya raba shi da sauran gonaki in ban da wani dogon tudu da ya miƙe ya lanƙwasa, wani wuri ya kai tsayin mutum, wani wuri ruwa ya zaizaye shi ya koma kamar kunyar dankali. Kawu ya ce wannan ce ganuwa. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ni da na taso ina jin Alƙalawa a bakin maroƙa, na zaci zan ga ƙofofi da soraye irin na fadar Damagaram. Abin da na gani karan dawa ne, da awaki, da tsingaro birjik a ƙasa duk inda ka sa ƙafa.

Wani tsoho da ke noma a wurin ya kai mu inda ya ce nan ne makwancin sarakuna. Kawu ya tuɓe takalmi ya dube ni ya ce, "Kai ɗan lakwal, tuɓe naka, nan anka bizne su." Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo. Abin da ban manta ba shi ne, a cikin addu'ar ya roƙa wa Bawa gafara, ya roƙa wa Yunfa, sannan ya nemi albarkar Shehu da Bello, duk a numfashi ɗaya, bai ga wani karo a ciki ba. Kawuna bai yi lakwal ba bai yi boko ba, almajirin allo ne, ɗan Ƙadiriyya, kuma ya sha zuwa ziyara Hubbare. Da muka taso na sunkuya na ɗauki wani ɗan tsingaro mai zane na sa aljihu. Na san yanzu bai kamata ba, in kowa ya ɗauki ɗaya me zai rage? Amma na ɗauka, yana nan cikin wani gwangwani a ɗakina.

To ga ra'ayina. Alƙalawa tana narkewa ne saboda ta faɗa tsakanin kunya biyu. A gefen Nijeriya, inda ƙasar take, akwai masu jin cewa kula da birnin Yunfa kamar rage wa Shehu daraja ne. Ana zuwa Hubbare, ana zuwa Wurno kabarin Bello, ana zuwa Ɗagel, kufan Surame na Kanta ma tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba. Alƙalawa kuwa sai a yi ta kewaye ta kamar gidan da aka yi abin kunya. A gefen Nijar, inda tambura da kirari suke, muna da baki amma ba mu da hurumi, ƙasar wani ce, kuma in za a faɗi gaskiya mun fi son Alƙalawar da ke cikin waƙa, domin ita ba ta zaizayewa, ba ta kuma tuna mana da Zamfara.

Ga masu kunya ta farko ina cewa, wanda duk yake ƙaunar Shehu ya fi kowa bukatar Alƙalawa ta tsaya. Yaya za ka nuna wa yaro girman abin da aka yi a 1808 in ba ka nuna masa faɗin ganuwar da ta tsayar da jama'a shekara huɗu ba? A wannan birni Shehu ya shiga fada ya yi wa sarakuna wa'azi. A ƙofarsa mahaddatan Tsuntsuwa suka kwanta. In ka bar shi ya koma gona, rabin tarihin jihadin ka bari ya koma gona. Kuma kada wani ya ce ginin ƙasa ne ba ya ajiyuwa. Dir'iyya ta ƙasar Saudiyya da tubalin laka aka gina ta a bakin kwari, sojojin Ibrahim Basha na Masar suka rushe ta a 1818, shekara 10 cif bayan Alƙalawa, ta daɗe tana kufai, amma aka tashi aka kula da ita har ta shiga jerin kayan tarihin duniya a 2010. Na san aljihunmu ba irin nasu ba ne. Amma hana a ɗebi ƙasar ganuwa a yi tubali, da kewaye kaburbura, da kafa allo mai bayani, ba sai da kuɗin man fetur ba.

Masu kumfar baki a waya kuwa, su ne suka fi ba ni tsoro, domin sun sami kufai babu mai gadi sun mai da shi rumbun da suke ɗibar ƙiyayya. Labarin da suke sayarwa mai sauƙi ne, Hausawa a gefe guda, Fulani a gefe guda. Tarihin bai yarda da su ba. Abdussalami, wanda a kan mutanensa wutar ta fara kamawa, ba Bafulatani ba ne, Ba'are ne, kuma daga baya shi ma ya saɓa da Bello har aka yaƙe shi a Kware. Zamfarawa da yawa sun mara wa Shehu baya da farko saboda haushin abin da Babari ya yi musu, shi ya sa ma jama'a ta sami mafaka a Sabon Gari cikin Zamfara a 1805. A rundunar Yunfa akwai Abzinawa, akwai kuma Fulanin da suka zaɓi sarki. Bayan an ci birnin, Katambale matar Yunfa ta shiga gidan Bello ta haifa masa Fodiyo, wanda aka ba riƙon ribaɗin Lajinge a cikin ƙasar Gobir ɗin. To jinin wa za ka zubar ka ce ka rama wa Yunfa, alhali jikokin matarsa suna cikin gidan da kake zagi? Wanda bai san wannan ba, kowane ɗan tasha mai waya zai iya jansa ta hanci.

Na san abin da wani zai ce, domin wani abokina ɗan Isa da ke sayar da albasa a kasuwar Mararaba ya riga ya faɗa mini a fuska. Ya ce, "Malam, ana kashe mutane kana zancen tudun ƙasa?" Ban da bakin musa masa. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A watan Disambar 2021 an tare mota a Gidan Bawa aka ƙone matafiya fiye da 20 a ciki. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya duka ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. Ranar ban iya cin abinci ba. Babu mai hankalin da zai ce a tura masu tonon tarihi inda manomi ba ya iya zuwa gonarsa, kuma ran mutum ɗaya ya fi ganuwar duka.

Amma na tambayi abokin nawa, da mutanen Sabon Birni da Isa suka gudu, ina suka nufa? Tun 2019 dubbansu suka hau gulbi zuwa gabas, suka shiga ƙasar Gidan Runji, kusan sawun da Mayaƙi ya bi a 1836. Kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu zaure da rumbu, mutanen da su kansu ba su da na kaiwa damina. Me ya sa? Sun dubi fuskokinsu sun ga tsagen gidansu, sun tambayi sunan kaka sun ji nasu ne. Wannan tarihin da ake cewa ba ya cika ciki, shi ne ya ciyar da mutane a shekarar. Sa'an nan da aka yi juyin mulki a Yamai a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024, aka yanke wutar lantarki, har ana zancen tura soja, wa ya fi ɗaga murya cewa ba za a yaƙi ɗan uwa ba in ba mutanen Sakkwato da Katsina da Kano ba? Zumuncin nan yana da tushe, kuma 'ya'yanmu da ba su da tsage a fuska, in ba a nuna musu tushen ba, da me za su gane juna nan da shekara 30?

Kuma akwai aikin da ba sai an jira zaman lafiya ba. Tsofaffin da suka san ina ƙofofin birnin suke, ina fada, ina kasuwa, ina marina, da yawansu yanzu suna gudun hijira a Sakkwato ko a ƙauyukan Maraɗi, suna zaune ba aikin yi, kullum ana binne ɗaya. Waya mai ɗaukar murya ta isa. Maroƙan fadar Tsibiri da gidan Inna suna riƙe da jerin sarakuna da kirarinsu. Zagayen ganuwa ana iya auna shi daga hoton tauraron ɗan Adam, mutum yana zaune a ofis. Rubuce-rubucen ma suna nan, sai dai a warwatse cikin harsuna uku. Infaƙul Maisuri na Bello da Larabci yake, shi an ma mai da shi Hausa. Abin da Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya rubuta daga bakin fadawan Gobir da Faransanci yake, haka littafin Boubou Hama na 1967 kan tarihin Gobir da Sakkwato. Kundin digirin Abdullahi Rafi Augi na 1984 kan Gobir, da na Garba Nadama kan Zamfara, da Turanci suke a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ɗan Tsibiri ba ya karanta na Zariya, ɗan Sabon Birni ba ya karanta na Yamai, alhali da Hausa duk suke mafarki. Me zai hana Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su haɗa ɗalibai goma su juye waɗannan zuwa Hausa, a buga ɗan littafin da yaro ɗan aji 2 zai iya karantawa, da labarin Zamfarawa a ciki, da na Gobirawa, da na jama'ar Shehu?

Ba sabon abu nake nema ba. Senegal da Gambiya, ɗaya rainon Faransa ɗaya rainon Ingila kamar mu, sun haɗa kai sun shigar da da'irorin duwatsun kakanninsu cikin jerin UNESCO a 2006 da sunan ƙasashen biyu. Mu ma muna da hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma a 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan yadda za a raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da wannan Gulbin Maraɗi da aka datse a Jibiya. In an iya zama a kan ruwan, ban ga abin da zai hana a zauna a kan birnin da ke bakin ruwan ba. Na san dangantakar gwamnatocin ta yi tsami, Nijar ma ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Shi ya sa na fi sa rai ga sarakuna da malaman jami'a, su da ba su daina zuwa wa juna gaisuwar mutuwa ba ko a lokacin da iyaka take rufe.

Makon jiya na buga wa ɗan kawuna da ke Sabon Birni waya, na ce ina so in kawo yaron nan da hutu ya ga wurin da idonsa. Bai bari na rufe baki ba ya ce, "Kada ka soma, mu da muke nan ba mu zuwa." Saboda haka na buɗe gwangwani na ɗauko tsingaron na ba yaro, na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga gonar alƙali har zuwa Gawakuke, ban ɓoye masa Zamfara ba, ban ɓoye masa Tsuntsuwa ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko Bawa da Shehu sun sake haɗuwa bayan Magami, da kuma ko a Nijar za a yarda shi Bagobiri ne tunda ba shi da tsage kuma ba ya jin Faransanci sosai. Washegari da za mu fita ya tsaya ya nuna wa mai faci tsingaron. Dattijon ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya goge shi da gefen rigarsa, sannan ya ce ai ya gane ta, tukunyar kakarsa ce da bayinsu suka gudu da ita arewa, a gaya mini yana jiran sauran.